Ɗorawar Inna da Bishiyar da Na Ƙi Kashewa

A Aflawo, bakin iyakar Togo da Gana, aka fara tsare ni, kuma ba takarduna ne suka jawo ba, daddawar Inna ce. Kwana uku ke nan da barina Kibiya. Na bi ta Legas, na bi ta Kwatano, duk a zaune cikin mota, ita kuwa daddawa tana ƙulle a leda can ƙasan jaka tana shan zafi. Da jami'in ya zuge jakar sai ya ja da baya ya toshe hanci, ya kira ɗan'uwansa. Suka dinga juya ƙullin da bakin biro. Na yi Turanci har na gaji, suka ƙi ganewa. Wata mai tallan burodi ce ta leƙo, ta ce, "Dawadawa!" ta kwashe da dariya, sannan suka ce in tattara in wuce. Na tattara raina a ɓace, don ban ga abin dariya ba a daddawar da mata ke rububi a kanta ranar kasuwar Kibiya.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni daga gida, kada a zaci yawon duniya na tafi. Inna, mahaifiyata, daddawa ce sana'arta, da ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, Malam Haruna. Lokacin da aka kawo ta gidan, ɗorawa tara ce a gonarmu da ke kan hanyar Rano. Lokacin da na tashi tafiya biyu suka rage, ɗaya ma rabinta ya bushe. Mutuwar tsofaffin ba ita ta fi damunta ba. Ƙanana ne babu. Ka zagaye gonar nan kaf ba za ka ga ɗorawa ko da tsawon gwiwa ba, sai darbejiya cunkus a gindin kowace.

Ranar da na kawo takardar difloma ta ilimin gandun daji ina ta hura hanci, ta karɓa ta juya ta, ta miƙo mini. Ta ce, "To Auta, kai da ka yi karatun itace, me ya hana ɗorawata haihuwa?"

Na ce fari ne. Na ce awaki ne.

Ta ce, "Fari da awaki tun zamanin kakarka akwai su."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Na san in waɗannan biyun suka tafi, sana'ar Inna ta tafi, ga ni riƙe da takarda ba amsa. Shi ya sa da na ji akwai inda ake zurfafa karatun daji a Kumasi, na ce da kaina ba zan sake zama a tabarmarta ba sai da amsa a bakina.

A Kumasi wani mai fataucin goro ɗan Rano ya haɗa ni da wani Ɗanjuma, wai ya san mutane a makarantar. Ɗanjuman nan Allah ya ba shi zaƙin baki. Ya tarbe ni a tasha, ya karɓi jakata da kansa, ya kira ni ƙanensa sau goma kafin mu kai Zango, unguwar Hausawa. Ya ce in ba shi takarduna na ainihi, ba kwafi ba, don mutanen nan ba sa yarda da kwafi, kwana biyu kacal ya dawo da takardar shiga. Ni kuma ɗan bokon da ke ganin kansa wayayye na zaro su na miƙa da hannu biyu, har da godiya. Ban sake ganin Ɗanjuma ba. Wayarsa a kashe, ɗakin da ya nuna mini ashe na wani tela ne. Har yau ban san abin da ya yi da su ba, wasu suka ce sayar wa masu neman aiki ake yi.

Kwana huɗu ina kwana a barandar masallaci. A rana ta biyar yunwa ta kai ni rumfar wata dattijuwa mai tuwo, Hajiya Mariyama. Ina ajiye jaka ta ɗaga hanci.

Ta ce, "Kai, me ke cikin jakar nan?"

Na ce a raina, to, an kuma. Na ce, "Daddawa ce, Hajiya."

"Ta ina?"

"Ta Kibiya."

Sai ta ajiye mara ta zauna. Ashe kakanta daga ƙasar Rano ya zo fataucin goro, bai koma ba. Ita ba ta taɓa zuwa ba, sunan kawai ta sani. Na kwance leda na ba ta ƙulli uku. Ta jefa ɗaya a miyar kuka, da ta ɗanɗana sai ta juya mini baya tana gyara ɗankwali, ta daɗe ba ta juyo ba. Daga ranar na samu wurin shimfiɗa a zaurenta. Ita ce kuma ta samo mini aiki bayan sati uku, wajen wata malamar bincike da ke neman ma'aikata a kurmi. Ta ce, "Ba karatu ba ne fa, ɗana, sara ne da adda." Na ce ko da haƙori ne zan sara, in dai cikin itatuwa ne.

Tafiyar rabin yini ce daga Kumasi, ƙarshenta a bayan babur cikin laka. Ni da na girma inda kake hango mutum tun daga nesa, sai ga ni a inda ba a ganin sama. Da azahar duhu-duhu. Riga ba ta bushewa, takalmi ba ya bushewa, tururuwa kuwa in suka hau ka sai ka tuɓe. Abinci sakwarar rogo da ayaba, a haɗiye ba a tauna ba, ni kuwa tuwon dawa nake mafarki. Babu kiran salla, sai in duba agogo. Na yi kewar gida har na kan tsinci kaina ina lissafa ranar kasuwa, in ce yau Inna ta fita da ƙwaryarta.

Shugabar aikin Dakta Akosuwa ce, gajeriyar mace mai saurin tafiya, ba ta maimaita magana. Babban ma'aikata kuma Kwaku, dattijo mai furfura da ke gane itace da ƙamshin ɓawonsa. Ranar farko Dakta ta kai ni wani wuri da gobara ta taɓa ci, ta ce in duba. Na ga daji kore shar, na ce masha Allah, ya farfaɗo. Ta ce in sake dubawa. Sai na lura duk bishiya iri ɗaya ce, mai faffaɗan ganye mai kaushi. Bishiyar takarda suke ce mata. Daga wata ƙasa mai nisa aka kawo ta da niyyar yin takarda, takarda ba ta yiwu ba, ita kuwa ta bazu. Duk inda wuta ko masu katako suka buɗe kurmi, ita ke riga kowa zuwa. Tana da jajayen 'ya'ya da jemagu da tsuntsaye ke sha su yar da ƙwallon ko'ina, saiwarta ma tana toho. Na durƙusa na yaye ganye a gindinta. Babu tsiron itacen ƙasar ko ɗaya.

Aikinmu shi ne a filayen da aka kewaye da igiya. Mu tumɓuke ƙanananta da hannu. Manyan kuwa ba a sare su gaba ɗaya, sai a sassaƙe ɓawon a zagaye, faɗin tafin hannu, ta bushe a tsaye a hankali. Bayan nan a dinga komawa ana karye toho. Duk tsiron ƙasar da aka samu a ɗaura masa alama, Dakta ta dinga auna shi.

Nan fa na shiga uku, don ni ba haka aka rene ni ba. Mahaifina mutum ne mai shuka itace. Shi ya jera darbejiya a bakin hanyar gonarmu don masu wucewa su huta, ya ce sadakarsa ce mai gudana. Na ga ranar da ya zane yayana saboda ya karya reshe a banza. A gidanmu itace mai rai mai inuwa ba a kashe shi haka kawai. Don haka duk sarar da na kai, istigfari nake yi a zuciyata.

Aka ba ni fili na bakwai ni kaɗai, can bakin wani rafi. A tsakiyarsa akwai wata babba, uwarsu duka, mai inuwa luf. A gindinta nake shimfiɗa buhu in yi azahar. Na gama da sauran, na zo kanta da adda, hannuna ya ƙi. Sai na yi dabara. Na sassaƙe gefen da ke kallon hanya, na bar bayan da ɓawonsa lafiya lau, na jingina busassun rassa na rufe. Na gaya wa Kwaku an gama. Ni da aka cuta a Kumasi nake ta tsine wa Ɗanjuma, ga ni ina cuta a kurmi, kuma a lokacin ina ganin lada ma nake samu.

Aka mai da ni wani sashe, watanni suka wuce, aka yi ruwa mai yawa. Ranar awo muka bi filayen ɗaya bayan ɗaya. A na farko har na shida, bishiyoyin takarda sun bushe a tsaye, tsiron ƙasar ya ɗago. Kwaku ya nuna mini wani, ya ce mahogani. Na murza ganyen, na tuna irin da na tsinta mai fiffike, na ce kai, wannan ai ɗan'uwan maɗacinmu ne. Daɗi ya kama ni kamar na gamu da ɗan garinmu.

Muka isa na bakwai. Tun daga bakin rafi na hango uwar nan da na bari. Tana nan kore shar, ta ma fi da ƙiba, tun da an kashe mata abokan gasa ta samu rana ita kaɗai. Ta zubar da 'ya'ya, jemagu sun taya ta. Ƙasa ta rufe da 'ya'yanta har gwiwa, ba wurin sa ƙafa. Dakta ta dinga yaye ganye tana neman alamominta. Ta samu wasu a jikin busassun tsinkaye. Ta je gindin bishiyar, ta zagaya baya, ta ture rassan da na jingina.

Ta ce, "Wa ya yi wannan filin?"

Na ce, "Ni ne."

"Mantuwa ce?"

Da na ce mantuwa ce, wataƙila ta wuce. Na ce, "A'a. Da gangan na bar ta."

Ta ce in haɗa kayana, babur zai zo da safe. Aikin damina guda ya lalace a filin nan, ba kuma za a iya dawo da shi ba. In koma Kibiya ba takarda, ba amsa, in ce da Inna me? Na sha gabanta, abin da ba a yi mata. Na ce ta ji dalilina sannan ta kore ni. Na ba ta labarin mahaifina da sadakarsa, da ɗorawar Inna da ta daina haihuwa.

Ta ce, "Wace bishiya babanka ya shuka?"

Na faɗa mata sunan darbejiya da Turanci.

Ta yi wata gajeriyar dariya. Ta ce su ma ta cinye musu fili a wajen Ankara, babban birninsu, ita ma baƙuwa ce, kawo ta aka yi. Sannan ta kalle ni ta ce, "Me ke gindin ɗorawar uwarka?"

Na ga gonarmu a idona, darbejiya cunkus a gindin kowace ɗorawa, inda ba wanda ya shuka ta. Na tuna ƙwallayen da muke takawa da safe, waɗanda jemagu da tsuntsaye suka yar bayan sun sha a bakin hanya sun zo sun sauka a kan ɗorawa. Darbejiya ba ta zubar da ganye ta bar rana ta shiga, akuya ba ta damu da ita ba saboda ɗaci, ɗan tsiron ɗorawa kuwa rana yake so, kuma shi akuya ke fara nema. Shekara da shekaru ina kallon abin nan, har difloma na yi, ban gani ba.

Ta ƙara da cewa, "Uwarka tana barin wasu 'ya'yan ɗorawar su faɗi ƙasa?"

Na ce, "Ko ɗaya. Har da gora mai ƙugiya take bi."

Ta ce, "To ba darbejiya ce kaɗai mai laifi ba."

Na ce ta bar mini fili na bakwai. Ba na neman komai, ni na ɓata, ni zan gyara. Ta kalli Kwaku, Kwaku ya kalli ƙasa. Ta ce sati shida, in ta dawo ta ga guda ɗaya, in tafi.

Da hannuna na zagaye uwar, a ranar, ban bar ko zare ba. Sannan na durƙusa. Ɗaya bayan ɗaya nake tumɓuke ƙananan, don in ka yanke sai ta dawo biyu. Tafin hannuna ya kumbura ya fashe. A sati na uku zazzaɓi ya kayar da ni, na kwana biyu ina rawar ɗari, a na uku na ɗaure kai na koma. Ran Lahadi ina durƙushe sai na ji motsi a bayana. Kwaku ne, da fararen kayansa na coci, ya naɗe ƙafar wando. Ya ajiye mini dokunu, tuwon masarar ƙasar, da kifi, ya kama gefe guda ya fara tumɓuka. Da la'asar ta yi, ya nuna agogo ya ce, "Malam, lokacin sallarka." Duk Lahadin da ta rage sai da ya zo.

Dakta ta dawo ta zagaya filin sau biyu. Ba ta yaba ba, ba halinta ba ne. Ta miƙo mini igiyar awo da littafi, ta ce daga yau ni zan dinga riƙewa. Na ƙara shekara da rabi a wurinta. Takardar makaranta ban samu ba, amma na ga mahogani a fili na bakwai ya kai ƙuguna kafin in taho.

Na iso Kibiya gab da sassabe, na rame na yi baƙi, Inna ta ce ashe kurmin ba inuwa. Washegari na kai ta gona. Na ba ta labari tun daga Ɗanjuma har bishiyar da na yi wa rabin aski, ban ɓoye komai ba. Ta saurara tana tsinke ciyawa. Wadda rabinta ya bushe ta faɗi bayan tafiyata, ɗorawa ɗaya ce ta rage.

Share ƙananan darbejiya daga gindinta bai dami kowa ba. Na bakin hanya ma na ce a bar su, garin duk darbejiya ne, sai dai mu dinga tumɓuke tsiron kowace damina. Rigimar a kan guda ɗaya ce. Babbar da mahaifina ya shuka a cikin gona, taku kaɗan daga ɗorawar, inda yake hutawa ya yi salla. Inuwarta ta rufe duk inda tsiro zai fito, kuma ita ke zubar da iri kamar ruwa.

Baffa Sule, ƙanen mahaifina, ya zo har gida. Ya ce, "Nafi'u, ka je ƙasar wasu shekara biyu, ka dawo ba takarda, abin da ka koyo shi ne kashe sadakar mamaci? Tsuntsu in ya sauka a kanta, wa ke samun ladan?"

Na ce, "Baffa, in an bar ta, ɗorawar nan ita ce ta ƙarshe."

Ya ce, "Allah ya hana ta haihuwa, kai ne za ka ba ta?" Ya juya ga Inna ya ce magana tana hannunta, ita ce matar mamacin.

Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Kwana uku ba ta tada zancen ba. A na huɗu da hantsi na ɗauki gatari na tafi, na ce in je in tsaya ko na ji abin da zuciyata za ta ce. Na tsaya a gindin. Ga dutsen da mahaifina yake ɗora buta har yanzu yana nan. Wallahi hannuna ya ƙi, kamar dai a bakin rafin nan. Na so mahaifina, kuma a cikin abin da ya bari wannan ce ta fi tuna mini da shi.

Ban ji zuwan Inna ba. Ta sauke ƙwarya daga kanta ta ajiye a kan dutsen.

Ta ce, "Auta, wannan karon ka zagaye ta duka."

Na sara ina hawaye. Da na gama, tsohuwar nan ta tashi, ta dafa gindin da hannu ta zagaya har baya tana shafawa, ta tabbatar ban bar komai ba. Sannan ta buɗe ƙwaryar. Kalwa ce, ƙwallon ɗorawa, ɗanya wadda ba a dafa ba, cike da tafi biyu. Tun da nake ban taɓa ganin kalwa ta shiga gidanmu ta tsira daga tukunya ba.

Muka jiƙa ta, muka shuka da ruwan farko, na kewaye kowane rami da ƙaya saboda awaki. Baffa Sule ya daina amsa gaisuwata. Darbejiyar ta fara zubar da ganye, ina zuwa ina karye toho duk sati, rana ta fara sauka a inda ta shekara talatin ba ta sauka ba. Wasu ramukan gara ta cinye, wasu ba su fito ba.

Wata safiya bayan ruwa na hango Inna durƙushe a gaban wani rami, ta ɗage ƙaya da sanda. Na matsa. Ga shi nan, bai kai tsawon yatsa ba, ganyen siri-siri kamar na uwarsa. Ta daɗe tana kallo. Na san abin da take lissafawa, shekarun da ɗorawa ke ɗauka kafin ta yi 'ya'ya, da shekarunta. Ta mayar da ƙayar a hankali, ta tattake gefen da ƙafa. Sannan ta ɗaga kai ta kalli busasshiyar darbejiyar mijinta, ta shafa fuska da tafi biyu.

Ta ce, "Allah ya kai ladan kabarin Malam."